Muryar da Ba Ta Amsa Sallama

Idan wayarka ta yi ƙara, ka ɗauka ka yi sallama, muryar da ke can ba ta amsa ba sai zuba take yi, kashe wayar. Kada ka danna ɗaya. Kada ka danna biyu, ko da ta ce biyun ne zai sa a daina kiranka. Gargaɗin ke nan a dunƙule, kuma ina roƙon duk wanda ya iya karatu ya isar da shi ga wanda bai iya ba, daga cikin birnin Konni zuwa Tsernawa da Bazaga da Allela, daga Malbaza zuwa Galmi da Dogerawa, daga Illela zuwa Badagishiri da Tajaye. Sauran maganar bayani ce ga mai son sanin dalili, da kira ga hukumomin da ya kamata su motsa tun abin bai fi ƙarfinsu ba.

Duk mai layi ya san muryar nan. Yawanci ta mace ce, wani lokaci ta saurayi mai rawar kai, ga kiɗa a bayanta, tana yi maka albishir: waƙar da mai kiranka zai riƙa saurare, sakamakon ƙwallo kowace safiya, gasar da wai za ka ci babur. Ba mutum ba ne ke magana. Sau ɗaya aka naɗe ta aka miƙa wa na'ura, na'urar kuwa buga lambobi take yi bi da bi, dubbai a lokaci guda. Ba ta gajiya, ba ta jin kunya, ba ta san an tada salla ba, ba ta san gidan da ake zaman makoki ba. A ƙasashen Turawa an fara kuka da ita ne saboda tana shiga wayar gida ana tsakiyar cin abincin dare. Mu nan ɗaiɗaiku ne suka ga zamanin wayar gida. Salular da ke aljihun maigida, ko wadda ke ƙulle a haɓar zanen uwargida, ita ce wayar gidan gaba ɗaya. Da ita ake jiran ɗan da ya tafi bida Abijan ko Libiya, da ita ake jiran labarin mara lafiyar da aka kwantar a asibitin Galmi. Mai jiran irin wannan kira ba shi da halin ƙin ɗaukar baƙuwar lamba, kuma masu tallan sun san da haka.

Ɓarnar farko ƙarama ce, shi ya sa ba a kai ƙararta. Tsoho ya ɗauka bai gane Faransancin ko Ingilishin da ake yi ba, ko yaro ya karɓi wayar ya danna don wasa, shi ke nan an shigar da layin cikin tsarin da ake cirar kuɗi kullum. A ce dala goma ce a rana. Wa zai bar gonarsa ya hau kabu-kabu ya je ofis bin dala goma? Amma dala goma sau talatin jika ɗaya da rabi ce a wata, kuma in mutum dubu ɗari aka yi wa haka, sefa miliyan biyar ke nan kowace wayewar gari. Mai shagon caji ya fi kowa sanin wannan kuka: "Jiya na sa kati, ban kira kowa ba, yau ko tamma babu."

Ba wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ɓarna ta biyu ita ce sabo. Shekara da shekaru ana koya mana cewa in murya ta ce danna a danna, in saƙo ya ce tura a tura, kuma kamfani kan kira mutum haka kawai ya ce masa ya yi sa'a. Masu lasisi ne suka share wannan hanya da tallansu, ɗan damfara kuwa bai yi gumin komai ba, zuwa ya yi ya tarar da ita a share. Muryarsa irin tasu ce, kiɗansa irin nasu. Hatta lambar da ke fitowa a fuskar waya yana iya sauya mata kama ta fito kamar ta kamfani ko ta cikin gida, domin kiran da ya biyo ta intanet, mai kiran ne ke rubuta lambar da yake son a gani. Da me tsohuwar da ke Gidan Iddar za ta rarrabe?

Ga abin da ke faruwa in ka danna. Na'urar ba ta san wace lamba ce ke da mutum a bayanta ba, laluben duhu take yi. Dannawarka ce ke shaida mata cewa layin na aiki, mai shi yana ɗauka, kuma yana bin umarni. Daga nan lambarka ta fita daga cikin tarkace ta shiga jerin masu daraja, jerin da ake sayarwa hannu zuwa hannu. Na'ura ta gama tace mata, sai mutum ya karɓa. Shi kam yana amsa sallama, har da tambayar gajiya da iyali. "Ranka ya daɗe, Alhaji, daga ofis ne. Sunanka ya fito cikin masu tallafi. Yanzu wasu lambobi za su shigo wayarka, ka karanto mini su in kammala maka takardu." Ko kuwa: "Hajiya, don girman Allah ki taimaka, kuɗin maganin mahaifiyata ne na tura layinki bisa kuskure, ki duba saƙo." Saƙon yana nan kuwa, sak na gaske, sai dai shi ya rubuta shi da hannunsa, babu abin da ya shigo. Hajiya ta ji tausayi ta mayar da kuɗin da ba a taɓa turo mata ba. Lambobin da Alhaji ya karanto kuwa su ne mabuɗin asusunsa, ko na WhatsApp ɗinsa. Kafin la'asar abokan cinikinsa na Kwatano da Kano sun sami saƙo da sunansa da hotonsa, yana neman rancen gaggawa.

Kada a yi wa wanda aka cuta dariya a ce kwaɗayi ya ja masa. A jihar Tawa tallafi ya taɓa zuwa ta waya da gaske. A ƙarancin abincin 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa iyalai kuɗi a ƙauyukan jihar nan ta tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda ya koma Airtel a wannan shekara. Yau kuma aiken ɗan bida ta Nita da Al Izza da Amana yake zuwa, da lamba a cikin saƙo. Wanda ya taɓa ganin alheri ya shigo ta wata ƙofa, in an sake ƙwanƙwasa ta buɗewa zai yi.

Akwai kuma kiran da ke yin ƙara sau ɗaya ya katse, da lambar ƙasar waje. Mu da muka saba da filashin, muka san ma'anarsa "kira ni, ba ni da kati," kamar don mu aka ɗana wannan tarko. Ka bi kiran, ka faɗa layi mai tsada wanda ake raba kuɗinsa da ɓarawon, a riƙe ka da naɗaɗɗiyar murya har katinka ya ƙare. A wani wuri cewa ake yi kada a bi lambar waje kwata-kwata. Wannan shawara ba ta yi mana ba, don 'ya'yanmu suna bayan +225 da +229 da +237 da +218 da +213. Abin yi shi ne kowane gida ya san lambar ƙasar da ɗansa yake, wadda ba ita ba kuwa a bar mai ita ya sake kira in da gaske yake.

Me ya sa nake ambaton Konni musamman, alhali cutar ta kowa ce? Saboda zaman da Allah ya yi mana a bakin iyaka. Tsakaninmu da Illelar Najeriya 'yan kilomita ne, wanda ya ci kasuwar Konni ran Laraba shi ne zai ci ta Illela ran Lahadi. Ɗan kasuwa a nan layi biyu gare shi a waya ɗaya, na sefa da na naira. A wannan gefen yana da Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, a wancan yana da OPay ko Moniepoint ko asusun banki. Ƙofa biyu ke nan ga mai son shigowa. Masu tsaron ƙofofin ma biyu ne, hukumomin sadarwa na ƙasashen biyu, ARCEP a Yamai, sama da kilomita 400 daga nan, da NCC a Abuja, kuma ikon kowacce a shingen kwastan yake ƙarewa. Kira ba ya tsayawa a nan. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Manyan motoci sun yi dogon layi, kaya sun ruɓe a cikinsu, amma ko kira ɗaya ba a tare ba. Wanda aka cuta da lambar Najeriya in ya je komisariya a Konni, layin ba na ƙasarsu ba ne. In ya tsallaka Illela, ba a ƙasarsu aka cuce shi ba. A cikin wannan rata macuci ke kwana.

Ga shi kuma yankin kuɗi ne masu lokaci sananne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake cirar albasa, wanda ya zuba tasa a rudu yana jiran tsada kuwa sai bayan damina yake ganin riba. Cinikinta da Gana da Kwaddibuwa duk a waya ake ƙulla shi, lambobin dillalai da direbobi suna rubuce a jikin mota da bangon shago. Sai aiken Salla, sai biyan kujerar Makka. Ba sai an yi duba ba kafin a san watan da aljihun mutumin Galmi ko Tsernawa ke da nauyi.

Maƙwabtanmu sun riga mu shan wannan wuya, sun kuma yi wani abu a kai. Daga 1 ga Yuli 2016 hukumar sadarwa ta Najeriya ta tilasta wa kamfanoni buɗe lambar 2442. Mai layi ya rubuta STOP ya tura, a daina damunsa da talla. In ya rubuta HELP a nuna masa irin saƙonnin da zai iya zaɓa. A lokacin, kamfanin da ya saɓa, tararsa naira miliyan 5, da ƙarin naira 500,000 kowace rana in ya ci gaba. Akwai kuma 622, lambar kai ƙara kyauta in kamfani ya yi kunnen uwar shegu. Duk mai layin Najeriya a cikinmu ya tura wannan saƙo yau, ba a biyan komai. Sai dai a san iyakarsa. Mai lasisi yake ɗaurewa, wanda ke da ofis da suna da abin da yake tsoron rasawa. Ɓarawo ba ya duba jerin waɗanda suka ce kada a kira su. Kuma tsari ne na rubutu, da kalmar Ingilishi, alhali mutanen da aka fi cuta su ne waɗanda ba su yi boko ba. Bayan 2442 ɗin ma sai ga manhajojin bashi, waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi su bi danginsa da surukansa da kira da saƙon tozarci. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan haka, a Maris 2022 kuma hukumar kare masu saye ta kai samame ofisoshin irinsu a Legas. Kowane mataki ya zo ne bayan mutuncin mutane ya riga ya zube.

Wanda ke ganin doka kaɗai za ta wadatar, ya dubi Amurka. Tun 1991 suka yi dokar da ta taƙaita kiran na'ura. A 2003 suka buɗe rajistar waɗanda ba sa son kiran talla, wadda yanzu ke ɗauke da lambobi sama da miliyan 240. Daga 1 ga Satumba 2009 hukumar kasuwanci ta ƙasar ta haramta kiran talla da naɗaɗɗiyar murya sai da rubutaccen izinin mai waya, a lokacin tarar kowane kira ɗaya tana iya kaiwa dalar Amurka 16,000. Duk da haka masu bin diddigi suna ƙiyasta cewa irin wannan kira ya haura biliyan 4 a kowane wata. A 2019 jaridar Wall Street Journal ta gano cewa daga 2015 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta yanka tarar da ta kai dalar Amurka miliyan 208 a kan masu wannan kira, abin da ya shiga hannunta kuwa 6,790 ne kacal. Ba miliyan ba, dubu shida da ɗari bakwai da casa'in. Mai na'ura kan rufe kamfani ya buɗe wani da sabon suna, ko ya koma bugowa daga wata ƙasa.

Amma akwai abin da ya yi aiki a can, kuma shi nake son masu iko su riƙe. Wata ƙungiyar 'yan tallan garantin mota ta buga kira sama da biliyan 5 cikin wata uku. A Yuli 2022 FCC ta umarci dukkan kamfanonin waya su daina ɗaukar kiran da ke fitowa daga gare su, kuma a lissafin hukumar irin wannan kira ya faɗi da kashi 99 cikin ɗari. Tarar kusan dala miliyan 300 sai a Agusta 2023 ta biyo baya, ko an biya ko ba a biya ba jama'a sun riga sun huta. Toshewa daga tushe ce ta kashe wutar. Faransa ma, wadda dokokinmu suka daɗe suna bin sawun nata, ta gwada rajistar ƙi mai suna Bloctel tun 2016, ba ta ga biyan bukata ba. A Yuni 2025 ta juya abin baki ɗaya da dokar da ta ce daga Agusta 2026 ba za a kira mutum da talla ba sai ya riga ya yarda. Kada mu ɗauko abin da masu shi suka gwada suka yar.

Dalilin gaggawar kuwa ga shi. Gwajin sallama da na bayar a sama kwanansa ya kusa ƙarewa. A Janairu 2024 an kira dubban mutane a jihar New Hampshire da muryar shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, tana ce musu kada su fita zaɓe, alhali bai taɓa furta kalmomin ba, kwamfuta ce ta kwaikwaye shi. Cikin wata mai bi FCC ta ce irin wannan murya ma haramun ce a kiran na'ura, daga baya aka ci tarar wanda ya shirya abin dala miliyan 6. Mun daɗe muna fakewa da harshe, muna cewa ɗan damfarar da ke nesa ba ya jin Hausa, in ya ji ma ba irin ta Adar da Konni ba. Wannan katanga tana rushewa. Tun Mayu 2023 kamfanin Meta ya saki na'urar da ke mayar da rubutu magana a harsuna sama da 1,100, har da Hausa, kyauta ga duk mai so. Kwaikwayon muryar wani mutum takamaimai kuwa ɗan gajeren naɗi yake bukata. Mu kuma mutanen saƙon murya ne. Wanda bai iya rubutu ba da shi yake gaisuwa, da shi yake ciniki, da shi yake ta'aziyya. Mun baza muryoyinmu a zaurukan WhatsApp da hannunmu. Wa'azin malamanmu sa'o'i ne bila adadin a wayoyin jama'a. A yi tunanin ranar da uwa za ta ɗauki waya ta ji muryar ɗanta da ke Sabha ta Libiya: "Inna, an kama ni, ki sayar da akuya ki turo yanzu, kada ki gaya wa Baba." A wannan hanya ana kama 'ya'yanmu da gaske ana neman fansa, don haka ba za ta tsaya tambaya ba. Ko a ji muryar malamin da gari ya yarda da shi yana neman taimakon ginin masallaci, ga lambar da za a tura. Ranar da hakan ya fara yawa, ba kuɗi kaɗai za a rasa ba, yarda da murya ce za ta tafi, kuma a kanta cinikin yankin nan yake tsaye.

Nijar ba ta rasa makami ba. ARCEP tana nan tun 2018. Dokar kare bayanan mutum ta 3 ga Mayu 2017, wadda aka sabunta a Disamba 2022, ta kafa hukumar HAPDP, ta kuma ba kowa damar ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla. Ga dokar laifuffukan intanet ta 3 ga Yuli 2019, wadda a ganina ta fi yin suna a shari'ar masu rubutu a Facebook fiye da farautar masu kwashe kuɗin talakawa. Kuma hukuma ta nuna tana iya cizo in ta so. A Nuwamba 2013 an yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar nan saboda ba su da rajista. A Yuli 2023 ARCEP ta ci tarar kamfanoni huɗu sama da sefa biliyan 4 kan rashin ingancin layi. Wanda ya iya hukunta kamfani saboda kira na yankewa, yana iya hukunta shi saboda kiran da ba a nema ba.

Abin da nake nema daga gare su ba shi da yawa. Farko, a ɗora nauyin a kan mai talla: kada na'ura ta kira kowa sai wanda ya ce yana so, kuma kada a ciri ko dala daga kati sai mai layi ya tabbatar karo na biyu, da harshen da yake ji, bayan an faɗa masa nawa ne kuma sau nawa za a cira. Sannan a ba mu gajeriyar lamba guda, kyauta, iri ɗaya a duk layuka, wadda ake kira da baki mutum ya ɗauka. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, to a fara nuna hakan a nan, tare da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci. Lambar da mai sayar da albasa bai haddace ba, daidai take da babu, don haka a yi ta shelarta a gidajen rediyo har yara su riƙe. A tilasta wa kamfanoni toshe layin da ke buga ɗaruruwan lambobi yana katsewa, da kiran da ya shigo daga waje sanye da lambar gida. Injinansu suna ganin wannan kafin kowa ya gani, kuma ba na jin za su yi da kansu muddin kowane kira kuɗi ne a wurinsu. A kama hannun masu sayar da layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Kuma a riƙa faɗa wa jama'a lamba nawa aka rufe, wa aka ci tara, nawa ya biya, don tarar da ba a karɓa ba mun ga amfaninta a Amurka.

Maganar iyaka ita ce mai wuya, tunda Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, kuma tsakanin Yamai da Abuja ba kullum ake ga-maciji ba. Amma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya an kafa ta tun 1971, kafin a haifi CEDEAO, ofishinta kuma a Yamai yake. Ba yarjejeniyar shugabanni ake bukata ba. Tebur ɗaya ya isa, inda lambar da aka kai ƙararta a Konni za ta isa hannun mai ikon rufe ta a can cikin kwana ɗaya, haka ma wadda aka kai ƙararta a Illela ko Sakkwato. Mutanen can ma ana cutarsu da namu layukan.

Kafin hukuma ta farka, kowane maigida ya tara iyalinsa a daren yau, har da matan da ke da wayar kansu da yaran da ake aika caji. Lambar sirri da lambobin da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga kamfani yake, don kamfani ba ya tambayarsu. Wanda ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, kada a duba saƙonsa, a duba asusu, ko a ce ya bi ta kamfani a mayar masa. Wanda ya kira da muryar ɗa ko ƙane yana neman kuɗi, a kashe a kira shi ta lambar da aka sani. In ba ta shiga ba, a tambaye shi abin da sai ɗan gida ya sani, irin laƙabin da kaka ke kiransa da shi yana yaro, kuma a tsayar da wannan tambaya da shi tun yanzu, tun kafin a bukace ta. Alamar da ba ta ƙarya ita ce gaggawa haɗe da ɓoyo: yanzu-yanzu, kada ka gaya wa kowa. Amsarta guda ce, "Bari in yi shawara." Mai gaskiya zai jira.

Limamai su ɗauki minti biyu bayan sallar Juma'a. Maigari ya sa a yi shela ranar kasuwa. Samarin fada, ku da kuka fi kowa sanin cikin waya, tsakanin shayin farko da na biyu ku karɓi wayoyin iyayenku ku duba abin da ake cirar musu, ku kashe shi, ku sa wa WhatsApp ɗinsu makulli na biyu. Masu shagon caji da wakilan tura kuɗi, in kun ga dattijo ya zo a firgice, waya a kunne, ana karanta masa lambar da zai tura wa, ku dakatar da shi ku tambaya, ko da zai ji haushi.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kunya ce babbar abokiyar gabarsa. Alhajin da aka yi wa jika ɗari uku yakan haɗiye, don kada a ce an yi masa wayo, da wannan shirun kuma ake yi wa maƙwabcinsa gobe da lamba ɗaya da magana ɗaya. Ya tashi a sa'ar ya je ofishin kamfani ko wurin wakili a rufe asusun, a sauya lambar sirri, a nemi tsayar da kuɗin in ba a riga an cire ba. Kada ya goge saƙo ko lamba, ya sa a rubuta masa rana da lokaci da adadi, ya kai komisariya ko jandarma, ya nemi a rubuta ƙarar ko da an ce masa da wuya a samu, don da rubutacciyar ƙara mai shigar da ƙara na kotun Konni ke iya neman bayanin layi daga kamfani. In layin Najeriya ne ya kira 622, ya kuma sanar da bankinsa. Sannan ya ari wayar wani ya kira 'yan'uwansa da abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu kada su tura komai da sunansa, domin sunayen da ke cikin wayarsa su ne na gaba a layi.